Ƙofa a Buɗe, Aiki a Fili

Ya 'yan'uwana ɗalibai, sa'ad da na tafi gwajin koyarwa na ba wani yaro maki huɗu bisa goma a lissafi. Ya zo da littafinsa ya ce, "Malam, ina na yi kuskure?" Na duba, ashe zane kaɗai na ja masa da jan biro, ban nuna masa kome ba. Da na sāke bi, sai na tarar biyu daga cikin amsoshin da na soke daidai ne. Kunya ta kama ni ƙwarai. Tun ran nan nake tunani bisa abu biyu waɗanda ake nema ga yanar gizo da na'urorin ajiye labari.

Na fari shi ne ƙofa a buɗe, watau kowa ya iya shiga ya yi aiki ba sai ya roƙi izini ba. Cikin 1989 wani mutumin Ingila, Tim Berners-Lee, ya kawo shawarar yanar gizo a CERN, wurin binciken kimiyya kusa da Janiba. Ran 30 ga Afrilu 1993 CERN ta sakar wa duniya wannan fasaha kyauta. A farkon wannan shekara kuwa Jami'ar Minnesota ta Amurka ta ce za ta karɓi kuɗi bisa tata hanyar, mai suna Gopher. Mutane da yawa suka bar ta suka bi ta kyauta.

Na biyu shi ne aiki a fili, watau a nuna yadda aka kai ga hukunci. Ga misali wanda ya shafe mu malamai. Cikin 2020 annobar korona ta hana jarrabawar fita sakandare a Ingila. Malamai suka kimanta makin yaransu, sa'an nan aka sa kwamfuta ta daidaita shi bisa ga sakamakon da kowace makaranta ta saba samu a shekarun baya. Kusan kashi 40 cikin 100 na makin aka rage. Yaro mai ƙwazo a makaranta mara suna ya ɗauki nauyin waɗanda suka riga shi. Ba a bayyana cikakken lissafin ba sai ranar da sakamako ya fito, 13 ga Agusta. Jama'a suka yi kuka, ran 17 ga wata gwamnati ta janye shi.

A nan Nijeriya ma akwai dokar 'yancin samun bayani ta 2011. Bisa ga ita, kowa yana da ikon neman takardun ofishin gwamnati, a kuma amsa masa cikin kwana bakwai. Amma a lura, dokar ta keɓe asirin mutum na kansa. Haka yake a makaranta: hanyar ba da maki ta kowa ce, amma makin yaro da ciwonsa nasa ne da iyayensa.

To, 'yan'uwa, kullum muna ce wa yara su nuna aikinsu, gama amsa kaɗai ba ta isa ba. Lalle ya kamata mu nemi wannan ga kowace na'ura da za ta yanke wa yaranmu hukunci. Ni dai yanzu nakan rubuta ƙa'idar maki a allo kafin in karɓi littattafai. Allah ya ba mu ikon riƙon gaskiya.