Yadda Ake Shuka Itacen Asuwaki a Ƙasar da Gishiri Ya Ci

Duk manomin da ya ga fari-fari ya fito a saman gonarsa ya san gero da dawa sun yi ban kwana da wurin. Amma akwai itacen da irin wannan ƙasa ba ta gagara: itacen asuwaki, wanda Larabawa ke kira arak, masana tsirrai kuma Salvadora persica. Yana fitowa da kansa a busassun yankuna, tun daga kewayen Tafkin Chadi da Sudan har ƙasashen Larabawa da Indiya. Ganyensa kore ne rani da damina, raƙuma da awaki suna cinsa, saiwarsa kuma ita ce asuwakin da alhazai ke kawowa tsaraba.

Ka fara da iri. 'Ya'yansa ƙanana ne, idan sun nuna sukan yi ja, da ɗan yaji a baki. Tsinko nunannu, ka murje su cikin ruwa har naman ya rabu da ƙwayar. Kada ka raina wannan aiki, domin naman da ya manne yana hana tsiro. Ka shuka da wuri, irin ba ya jure ajiya.

Cika ledojin reno da yashi da ƙasa da ruɓaɓɓen taki, ka binne ƙwaya biyu a kowace leda, zurfin bai wuce gaɓar yatsa ba. A nan ne mutane ke kuskure: sun ji an ce itacen yana jure gishiri, sai su yi renonsa da ƙasa mai kanwa da ruwan zartsi. Babban itace ne ke da wannan juriya, jariri bai kai ba. Ka ba shi ruwa mai daɗi, a inuwa mara duhu, har ya kai tsawon kamu ɗaya. Girmansa a hankali yake, renon yakan kai shekara.

Dashe sai damina ta kankama, lokacin da ruwan sama ya tura gishirin ƙasa. Zaɓi inda ruwa ba shi da nisa, kamar gefen fadama ko bakin tafki. Haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya, ka zuba taki, ka bar tazarar mita 4 zuwa 5, saboda rassansa suna bazuwa har su taɓa ƙasa. Kada ka dasa a kan tsinin kunya, can gishiri ke taruwa idan ruwa ya ƙafe. Rufe gindin da ciyawa, ka kewaye da ƙaya. Akuya ɗaya ta isa ta ɓata wahalar shekara. A ranin farko ka riƙa ban ruwa mai yawa jefi-jefi, ya fi yayyafi kullum.

Idan itacen ya kafu, ya yi 'yan shekaru, sai ɗiban asuwaki. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda wasu ke tone gindi gaba ɗaya don cinikin rana guda. Ka tona gefe ɗaya kawai, ka yanki saiwoyin da suka bazu masu kaurin ƙaramin yatsa, ka bar uwar saiwa, ka mayar da ƙasa. Baɗi ka koma ɗaya gefen. Rassa ma suna yin asuwaki, kuma suna sake tohowa bayan sara.

Yanka kowanne tsawon taƙi, ka wanke, ka shanya a inuwa. Kada ka ƙulle ɗanye a leda, zai yi fumfuna. Mai amfani ya fere bakin kaɗan, ya tauna har ya yi gashi. Idan ya bushe ya jiƙa shi a ruwa, bayan 'yan kwanaki ya datse bakin ya buɗe sabo.