Zaɓen Aksul ga Motar da Aka Haɗa da Hannu

Duk wanda ya tsaya a bakin babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Jega, ta bi ta Maiyama ta nufi Koko da Yawuri, ya san ba mu rasa masu hikimar ƙarfe ba. Kusan kowace amalanken shanu da ke ɗauko albasa daga gonakin Aliero, a kan tsohon aksul ɗin mota take tafiya, wani mai walda ne ya ɗora ta. Daga amalanke samari sukan kai ga babban buri, watau su haɗa motar kansu: inji daga nan, giya daga can, bodi kuwa a buga shi a gida. Wannan ba abin raini ba ne. Jelani Aliyu, wanda ya zana surar motar nan Chevrolet Volt da aka nuna a Amurka a 2007, a Kwalejin Fasaha ta Birnin Kabi ya yi karatun zane. To, amma akwai wuri guda da masu haɗa mota suka fi yin tuntuɓe. Kowa hankalinsa na kan inji, ba mai tuna ƙarfen da zai kai ƙarfin injin nan ga taya.

Bari mu fara da sanin abin da muke magana a kai. Aksul ɗin amalanke ɗaukar kaya kawai yake yi, shanu ke ja. Na mota kuwa aiki biyu gare shi, ga ɗauka ga turawa. Inji yana juya giya, giya ta juya farfela, farfela ta shiga wata tukunyar ƙarfe da ke tsakiyar aksul. A cikin tukunyar nan akwai haƙora masu karkata juyin zuwa hagu da dama, su kuma bar tayar waje ta fi ta ciki gudu in an zo kwana. Daga tukunyar sanduna biyu suka fita, kowace ta nufi tayarta. Su makanikai ke kira shaf, su ne kuma ke karyewa.

Me ke karya su? Ba gudu ba ne, murɗa ce. A nan sai mun ɗan yi lissafi, ɗalibi ya ɗauko alƙalaminsa. A ce injin da muka samu yana murɗawa da ƙarfin da ya yi daidai da a rataya kilo 20 a ƙarshen sifana mai tsawon mita guda. Giya ta ɗaya a ƙananan motoci takan ninka wannan kamar sau uku da rabi, ya zama 70. Tukunyar aksul ta sake ninkawa kamar sau huɗu, ya zama 280. A raba wa sanduna biyu, kowace ta sami 140. Yanzu a cire injin nan a sa wanda ya ninka shi ƙarfi. Kowace sanda za ta fuskanci 280, kusan buhu uku na gero masu kilo 100 ke nan a rataye a ƙarshen sifana, suna murɗa ƙarfen da bai fi kaurin babban yatsan ƙafa ba. Ka ga ashe ba lokacin da mota ke sheƙa gudu a giya ta ƙarshe sanda ke shan wuya ba, a'a, lokacin tashi ne, a giya ta ɗaya.

Turawa ma sun sha wannan darasi. A 1957 wani Bature a Ingila, Colin Chapman, ya fara sayar da wata 'yar ƙaramar mota mai suna Lotus Seven gunduwa-gunduwa, mai saye ya haɗa abarsa a gida. Samfurinta na biyu an sa masa aksul ɗin wata ƙaramar mota marar ƙarfi ta kamfanin Standard. Da aka riƙa ƙara mata manyan injuna sai aksul ya riƙa gazawa, har a 1968 aka koma ga na Ford Escort. Shi kuwa Carroll Shelby na Amurka, da ya ɗora babban injin Ford mai silinda 8 a kan motar AC ta Ingila a 1962, aka sami Cobra, tun farko aka sauya tukunyar aksul da wadda ta fi ƙarfi.

Sai dai lissafinmu bai ƙare ba, don akwai abin da ke ceton sanda, watau taya. Taya ba ta iya riƙe ƙasa fiye da gwargwadon nauyin da ke kanta. Idan kilo 300 ne a kan tayar baya, tsakaninta daga cibiya zuwa ƙasa kuwa santimita 30, to murɗar ba za ta wuce kamar 72 ba a kan busasshiyar kwalta, taya za ta sulɓe ta yi ƙara. Shi ya sa mota marar nauyi takan daɗe da ƙaramin aksul ba abin da ya same ta, mai ita ya ɗauka ya yi dace. Ran da ya sa mata manyan tayoyi masu santimita 40 don ta burge, ya kuma loda buhunan albasa har nauyin kan taya ya kai kilo 500, iyakar nan ta tashi zuwa 160, fiye da ninki biyu. Bai taɓa inji ba, amma ya cire abin da ke kare sandarsa. Mafi muni shi ne taya tana juyawa a banza cikin yashi, irin na hanyoyin fadama, sa'an nan ta cafki ƙasa mai tauri farat ɗaya, ko kuwa direba ya taka totur ya saki kuloci da ƙarfi. Wannan fizga ita ke yanke ƙarfe kamar rake.

To, yaya za a zaɓa? Abu na farko kauri. Ƙarfin sanda wajen jure murɗa ba ya tafiya daidai da kaurinta, yana tafiya ne da kaurin sau kansa sau kansa. Sanda mai milimita 30 ta fi mai 25 da milimita 5 kacal, amma in ƙarfensu iri ɗaya ne ta fi ta juriya da kusan kashi 73 cikin 100. A kuma auna wurin da ya fi siranta, galibi gindin haƙoran da ke shiga tukunya, domin igiya daga inda ta fi rauni take tsinkewa.

Ni dai a ganina hanya mafi aminci ita ce a ɗauko inji da giya da aksul daga mota guda, ko a nemi aksul ɗin motar da ta fi tamu ƙarfi da nauyi. Dubi Peugeot 504, wadda masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 ta daɗe tana haɗawa. Ƙaramar ta shiga, a samfurinta na farko, an yi mata ƙafafun baya masu motsi kowace da kanta, don daɗin zama. Akori-kurarta kuwa, ta ɗaukar kaya, aksul guda ne miƙaƙƙe. Masu ƙirar sun san abin da suke yi. Ga mai haɗa mota a garejin Jega, miƙaƙƙen ya fi sauƙin ɗorawa da gyara, ya kuma fi jure hanyoyinmu. In kaya za a ɗauka sosai, a nemi irin na manyan motoci, wanda taya ke zaune a kan bututun aksul bisa boris biyu, sanda kuwa murɗa kawai take yi. Irin wannan ko sanda ta karye taya ba ta fita. A wasu ƙananan motoci kuwa sanda ita ke riƙe da taya, in ta yanke taya na iya ficewa da gangar birkinta, mota na tafe da mutane a ciki. Allah Ya kiyaye.

Wanda ya zaɓi sanduna masu gaɓa, irin na Golf da sauran motoci masu ja da gaba, sai ya kula da karkata. Gaɓar tana son ta yi aiki kusan a miƙe. In aka ɗaga mota sama don gudun ramuka, sanda ta karkace, gaɓa ta yi zafi, robar da ke rufe ta ta yage, giris ya zube, ƙurar hunturu ta shiga ta cinye ta. Tsawo ma haka: gajeriya takan zare in taya ta faɗa rami, doguwa ta daki giya.

A nan ne jarrabawar walda ke zuwa. Aksul ya yi faɗi, sai a ce a yanke sanda a rage a haɗa. Mutanen Aliero sun yi suna wajen ɗori, ƙashin da suka ɗora yakan warke ya koma aiki, amma sanda ba ƙashi ba ce. An gasa ta ne a masana'anta har bayanta ya yi tauri cikinta ya rage da danƙo, zafin walda kuwa yana ɓata wannan gashi, kuma da wuya ta koma a miƙe sak. Gara a nemo aksul tukuna, a auna shi, sa'an nan a ƙera mota daidai faɗinsa.

Mai zuwa sayen na hannu, ko a nan gida ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, ya sa a zare sandunan a wanke. Haƙoran ƙarshensu su kasance a miƙe. In sun ɗan karkace kamar igiyar da aka fara tufkawa, ta riga ta sha murɗa, a bar ta. Ya juya bakin tukunya da hannu ya ƙirga sau nawa yake juyawa kafin tayoyin biyu su zaga sau ɗaya tare, domin tukunya mai ninki 5 tana ba da ƙarfin ja amma ta rage gudu, ta kuma ƙara wa sanda wahala. Kafin a mayar da su a ja layin fenti miƙaƙƙe daga wannan kai zuwa wancan. Bayan an gwada motar a fili, nesa da kasuwa da yara, a sake zarewa a duba layin. In ya karkace ko kaɗan, wannan aksul bai isa wannan inji ba.