Kwamfutar Gida Ta Kulle, Mai Gyara Ya Ce Sai An Goge Komai

Muna da kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya a gida, ta hannu ce maigida ya saya shekarun baya, kuma kowa da ita yake amfani. Babban ɗanmu ne ya canza mata kalmar sirri saboda ƙannensa sun cika ta da wasanni. Ya tafi makaranta, da ya dawo hutu sai ya ce wallahi kalmar ta ɓace masa. Duk abin da ya iya tunawa mun gwada, ta ƙi buɗewa. A cikinta akwai hotunan iyali, da lissafin shagon maigida, da furojet ɗin 'yata da za ta miƙa ƙarshen zangon nan. Na kai wa mai gyara, ya ce ba makawa sai an yi mata fomat. Wani kuma ya ce in bar masa ita kwana biyu zai fasa. Maigida ya ce a goge kawai kowa ya huta, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Don Allah mene ne abin yi?

Uwar yara, daga Zariya

Rashin kwanciyar hankalinki yana kan hanya, kuma shawarata ita ce kada ki yarda a yi fomat yanzu. Kalmar sirrin Windows shiga kawai take tsarewa, ba ta taɓa abin da ke ajiye ba. Hotunan da lissafin da furojet ɗin suna nan yadda aka bar su. A duk matakan da ke gabanki, fomat ne kaɗai wanda in an yi ba a dawowa, don haka shi ya kamata ya zo ƙarshe. Wanda makullin ɗakinsa ya ɓata ba ya cinna wa ɗakin wuta don ya samu shiga. Abin ya fi tsanani a kwamfutocin da ke da ma'ajiya irin ta SSD, domin abin da aka goge a cikinta da wuya ƙwararre ma ya iya dawo da shi.

Ki fara da abin da ba ya cin ko kwabo. Sau da yawa kalmar daidai take, kibod ne ke rubuta wani abu daban. A duba ko Caps Lock a kunne yake. A ƙananan kwamfutoci, in Num Lock ya kunnu, wasu haruffan ɓangaren dama kan koma lambobi. Tunda kuma ta hannu ce, a duba harshen kibod a kusurwar ƙasa ta allon shiga: tsarin Faransa, wanda ake yawan gani a kwamfutocin Nijar da na ƙasashen da ke amfani da Faransanci, yana musanya A da Q, da kuma Z da W. Akwai alamar ido a gefen akwatin kalmar sirri; a danna ta a ga ainihin abin da ake rubutawa.

In wannan bai yi ba, tambayar da komai ya rataya a kanta ita ce: wane irin asusu ne ya kulle? Windows 10 da 11 suna da iri biyu. Akwai wanda aka ɗaura da asusun Microsoft, wato da imel, kuma kalmar sirrinsa a wurin kamfanin take. Wannan ana sake masa kalma ko da wayarki, a shafin Microsoft: za su turo lamba zuwa layin waya ko imel ɗin da aka yi rajista da shi, ki sa sabuwar kalma, sannan ki haɗa kwamfutar da intanet tun daga allon shiga domin ta san an canza. A tambayi yaron da kyau ko kalmar ce ya manta ko kuwa gajeriyar lambar nan ta PIN, domin abu biyu ne daban, kuma allon shiga yana ba da zaɓin komawa ga ɗayan. Inda mutanenmu suka fi maƙalewa shi ne layin waya. An yi rajista da tsohon layi, layin ya ɓata ko an daina amfani da shi. In har kamfanin waya bai riga ya sayar da lambar ga wani ba, mai layin ya je ofishinsu da lambar NIN a sabunta masa. Wahalar bin layi a ofis ta fi sauƙi a kan cike fom ɗin neman asusu na Microsoft, wanda ke tambayar bayanan da mutane ba su cika tunawa ba, kuma yakan ƙi amincewa.

Iri na biyu shi ne asusun da ke cikin kwamfutar kaɗai, ba ruwansa da imel. Tun daga sabuntawar Windows 10 ta 2018, mai buɗe irin wannan asusu yana zaɓar tambayoyin tsaro uku, kamar garin haihuwa ko sunan makarantar farko. In aka rubuta kalmar da ba daidai ba, rubutun sake kalmar sirri zai fito a ƙasa, a amsa tambayoyin, shi ke nan. Idan kuma akwai wani asusu mai ikon gudanarwa a kwamfutar, ko na maigida ne da aka daɗe ba a shiga ba, daga can ana iya sa wa wanda ya kulle sabuwar kalma. Abin da za a rasa shi ne kalmomin sirri na shafuka da aka adana a asusun. Takardu da hotuna ba za su taɓu ba.

Yanzu ga maganar maigida, wadda ba ta rasa hujja ba. Fomat ya fi sauri, ya fi arha, kuma tsohuwar kwamfuta takan yi sauƙi bayansa. Amma ba sai an zaɓi ɗaya tsakanin fomat da fayilolin ba. Mai gyara zai iya tayar da kwamfutar daga filash, ko ya cire ma'ajiyar ya haɗa ta da wata kwamfuta, ya kwashe komai, sannan a goge in ana so. Wanda ya ce ba makawa sai fomat ba tare da ya ambaci kwashewa ba, hanyar da ta fi masa sauƙi ya faɗa miki. Sharaɗi ɗaya ne a nan, kuma babba ne: BitLocker. Wannan tsari ne da ke rikita duk abin da ke cikin ma'ajiya ta yadda ba ya karantuwa sai da mabuɗi mai lambobi 48, kuma tun daga Windows 11 na 2024 yakan kunna kansa a kwamfutoci da yawa in an shiga da asusun Microsoft. In yana kunne, cire ma'ajiyar ba zai ba da komai ba, kuma taɓa saitin tayar da kwamfutar kaɗai yana iya sa ta tsaya ta nemi mabuɗin. Yawanci mabuɗin yana ajiye a asusun Microsoft ɗin da aka fara saita kwamfutar da shi. Saboda haka a nemo shi a rubuta kafin kowa ya sa sukudireba. Kafin nan, 'yarki ta leƙa imel ɗinta da WhatsApp. In ta taɓa tura wa malaminta furojet ɗin, kwafi yana can.

Mai gyara na biyu shi ma ba ƙarya ya yi ba. Asusun cikin kwamfuta wanda ba a rufe da BitLocker ba ana iya share masa kalmar sirri da manhajar da ake tayarwa daga filash. Sai dai wannan aikin 'yan mintuna ne, ban ga abin da zai sa ya kwana biyu ba. Duk wanda ya iya buɗe miki ya iya kallon komai: hotunan matan gida, takardun banki, lissafin ciniki. Ba zarginsa nake yi ba, amma shago wuri ne na yara masu koyon aiki da masu zuwa hira. Ki je da babban ɗanki, a yi aikin a gabanku, a kwashe a filash ɗinku, ku tashi da kayanku. In ya nemi rasit ko wata shaidar cewa kwamfutar taku ce, kada ranki ya ɓaci. Wanda ke tambayar haka ya fi cancanta a amince masa, domin da wannan dabarar ce ake buɗe na sata.

Idan kun shiga, a gyara tushen rigimar. Yaron ya canza kalma ne saboda gida duka a asusu ɗaya yake. A buɗe wa ƙananan nasu asusun marar ikon saka manhaja, ke da maigida kowa ya riƙe nasa mai ikon gudanarwa, ta yadda in ɗaya ya kulle ɗayan zai buɗe shi. Sannan a rubuta kalmar sirrin da lambobi 48 ɗin nan a takarda. Na san an saba jin cewa kada a rubuta kalmar sirri, amma wannan gargaɗi ne na ofis, inda baƙi ke wucewa ta gaban tebur. A gida mantuwa ta fi ɓarawo kusa, kuma mai kutse ta intanet ba ya iya karanta takardar da ke cikin durowa. A ajiye ta tare da takardun gida da na haihuwar yara, ban da cikin jakar kwamfutar.