Sankarar Bakin Mahaifa: A Tare Ta Tun Da Wuri

Sankarar bakin mahaifa ba ta kama mace dare ɗaya. Asalinta wata ƙwayar cuta ce, HPV, wadda ake ɗauka wajen saduwa. Galibi jiki yakan kawar da ita da kansa. Amma idan ta zauna, sai ta riƙa ɓata fatar bakin mahaifa sannu a hankali, ba zafi, ba alama. Kafin wannan tabo ya zama sankara yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20. Ga mai ƙanjamau da ba ta shan magani kuwa, 5 zuwa 10.

Saboda haka, duk macen da ta kai shekara 30 ta je asibiti a duba ta, ko da lafiyarta lau. In an ga tabon da wuri, akan ƙone shi cikin 'yan mintoci. Wadda ta ga jini bayan saduwa, ko ruwa mai wari, kada ta tsaya cushe-cushen magani a gabanta. Ta garzaya asibiti.

A 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin HPV kyauta a Nijeriya. Magidanta, ku ba iyalinku izini. Rigakafi ya fi magani.