Tsohon Soja a Cikin Gidansa

Karatu: Ayyukan Manzanni 10:1-8, 24; Joshuwa 4:1-7

A ranar jana'iza, kafin mai wa'azi ya hau bagade, ɗaya daga cikin 'ya'yan marigayi yakan tashi ya karanta tarihinsa. Idan tsohon soja ne, jama'ar da ta cika majami'a a Lamorde ko wata unguwa ta Mubi takan ji shekarar da ya shiga soja, da muƙamin da ya kai, ko kofur ko saje, da barikokin da ya zauna. Daga nan sai a tsallaka zuwa ƙarshe: ya rasu ya bar mata da 'ya'ya kaza da jikoki kaza. Shekarun da ya yi a gida bayan ya tuɓe kaki, waɗanda sau da yawa sun fi na aikin yawa, layi ɗaya ne rabonsu.

Luka bai bi wannan tsari ba sa'ad da ya rubuta labarin Karniliyus. Ya faɗi cewa shugaban sojoji ɗari ne a ƙungiyar da ake kira ta Italiya, yana zaune a Kaisariya. Iyakar abin da ya ce game da aikinsa ke nan, babu sunan yaƙi ko ɗaya. Sauran duka labarin gida ne: yana tsoron Allah shi da iyalinsa, yana taimakon matalauta, ba ya fasa addu'a. Cikin mutum ukun da ya aika Yafa su kira Bitrus akwai wani soja mai ibada daga masu yi masa hidima, abin da ke nuna cewa halinsa ya shafi na ƙarƙashinsa. Da Bitrus ya iso kuwa, ya tarar Karniliyus ya riga ya tara danginsa da aminansa. Mutumin da ya saba ba da umarni ya zauna tare da mutanen gidansa yana sauraro.

Sojojin ƙasar nan sun yi tafiye-tafiye masu nisa. A yaƙin duniya na biyu runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a dazuzzukan Bama. An tura sojojin Nijeriya Kwango a 1960. An yi yaƙin basasa daga Yuli 1967 zuwa 15 ga Janairu 1970, ranar da ta zama ta tunawa da 'yan mazan jiya kowace shekara. Daga 1990 kuma aka shiga Laberiya, sannan Saliyo. Manyan hafsoshi jaridu sun ajiye labarinsu. Alex Badeh, ɗan Vimtim a Mubi ta Arewa, ya riƙe muƙamin babban hafsan tsaron ƙasa daga 2014 zuwa 2015. An harbe shi a hanyar Keffi zuwa Abuja ranar 18 ga Disamba 2018 yana dawowa daga gonarsa, a lokacin shari'ar da hukumar EFCC ta shigar a kansa ba ta ƙare ba. Yabonsa da zarginsa duka suna rubuce, mai nema zai samu. Amma kofur ɗin da ya dawo ya kama noman gyaɗa ko aikin gadi don ya biya kuɗin makarantar yara, idan 'ya'yansa ba su rubuta ba, babu mai rubutawa.

Labarin Isaac Fadoyebo ya nuna abin da takarda za ta iya ceto. Bayarabe ne Kirista daga wani ƙauye kusa da Owo, ya shiga soja a 1942 yana ɗan shekara 16, aka sa shi cikin masu jinyar raunana. A watan Maris 1944 sojojin Japan suka auka wa ƙungiyarsu a bakin kogin Kaladan, harsashi ya farfasa masa ƙafa, aka bar shi a daji. Wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye shi tare da wani sojan Saliyo, David Kargbo, ya ciyar da su wata da watanni, ya sani sarai cewa idan aka gane ransa ne a kai. Fadoyebo ya dawo gida da ɗingishi, ya yi aikin gwamnati a Legas, ya yi renon iyali, ya kuma zauna ya rubuta abin da ya same shi. An buga littafin a 1999. Ta dalilinsa wani ɗan jaridar Ingila, Barnaby Phillips, ya je Bama a 2011, ya nemo 'ya'yan Shuyiman, ya miƙa musu wasiƙar godiya daga tsohon. Fadoyebo ya rasu a 2012. Da ya yi shiru kamar yawancin 'yan'uwansa, da alherin wannan manomi ya shiga kabari tare da shi.

Shirun yana da dalili. Wanda ya ga abokinsa ya faɗi kusa da shi, ko wanda hannunsa ya ɗauki rai, ba ya ba da labarin a gaban tuwo. Wani yakan zabura cikin barci, wani ya zama mai saurin fushi, wani ya nemi mantuwa a cikin burkutu. Likitoci sun san wannan ciwo na zuciya, ana kuwa jinyarsa. Ba rashin bangaskiya ba ne. Matarsa ce ta fi kowa saninsa, ita da ta riƙe gida da ɗan abin da ake aikowa daga bariki, ta kuma jure jiran fansho tare da shi. Tarihin da aka rubuta ba a tambaye ta ba, rabi ne.

Tambaya mai wuya ita ce ko za a ambaci rauninsa. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye abin da Dawuda ya yi wa Uriya ba, ya kuma rubuta cewa an hana shi gina Haikali saboda yawan jinin da ya zubar. Ba a ce a tona asirin uba a gaban makoki ba. Amma a cikin gida, jikan da aka gaya wa cewa kakansa ya yi fama da fushi shekaru, daga baya ya nemi gafarar 'ya'yansa, ya sami abin da zai riƙe ranar da nasa fushin ya taso.

Joshuwa ya sa an ɗauko duwatsu 12 daga tsakiyar Urdun domin yara su gani su yi tambaya. Takardar sallama, lambar yabo, tsohon hoto da kaki, Littafin da ya yi wa alama da fensir, su ne duwatsun gida. Mutanen Mubi sun san yadda irin waɗannan kaya suke salwanta: ranar 29 ga Oktoba 2014, da Boko Haram ta shiga garin, mai gudun ceton rai bai tsaya neman akwati ba. Yau ɗaukar hoton takarda da wayar hannu ba ya cin minti ɗaya, a aika wa 'yan'uwa a Yola ko Jos su ajiye. Idan tsohon yana da rai, a bari sai da yamma ya huta, jika ɗaya ya zauna kusa da shi da littafin rubutu. Kada a fara da fagen fama. A tambaye shi ranar da ya dawo gida: wa ya tarye shi, me aka dafa, wane ne cikin yaran bai gane shi ba.