Darasin Kiwon Lafiya: Mata da Taba

Ya kai ɗalibi, ya ke ɗaliba, idan kun koma gida ku karanta wa iyayenku wannan darasi. Mun sha jin ana cewa wai taba sigari matsalar maza ce. To, ku saurara.

A ƙasar Birtaniya, daga 1996 zuwa 2001, masana na Jami'ar Oxford sun rubuta sunayen mata sama da miliyan 1, suka tambayi kowacce ko tana shan taba. Suka yi ta bin sawunsu har wajen shekara 12. Da sakamako ya fito a 2012, sai aka ga mace mai shan taba tana asarar aƙalla shekara 10 daga rayuwarta. Shekara 10 fa! Lokacin da yaro zai shiga makaranta har ya sauke ke nan. Ko masu shan ƙasa da kara 10 a rana, mutuwa a cikinsu ta ninka ta waɗanda ba su taɓa sha ba. Saboda haka “ai ɗan kaɗan nake sha” ba hujja ba ce.

Amma ga inda nake so ku riƙe da kyau. Wadda ta daina kafin ta kai shekara 40 ta kuɓuta daga fiye da kashi 90 cikin 100 na wannan ƙarin haɗari. Wadda ta daina kafin 30 kuwa, kusan duka. Ba wai a jira sai 40 ba, a'a, domin abin da ya rage na haɗarin ma ba ƙarami ba ne.

Wata za ta ce, “Malam, mu a gidanmu Baba ne ke sha.” Ita ma akwai nata labarin. A 1981 wani likita a Japan, Takeshi Hirayama, ya nuna cewa matan da ba sa sha amma mazansu na sha sun fi kamuwa da sankarar huhu. Hayaƙin da ke cika ɗaki, uwa da jariri ne ke shaƙarsa.

Shisha da 'yan mata ke ɗauka gayu, da taba gari da wasu tsofaffi ke sa wa a baki, duk akwai nikotin a ciki, shi ne sinadarin da ke kama mutum. Mai son dainawa ta sani cewa kwanakin farko sun fi wuya: ƙunci, saurin fushi, rashin barci. Bayan 'yan makonni abin yakan lafa. Idan kakarki ce ke ƙoƙarin bari, ki yi haƙuri da faɗanta a makon farko, kuma kada ki yarda a aike ki sayo mata.