Darasi: Yawo da Ƙaramar Bindiga, a Fili ko a Ɓoye

Darasin wannan fitowa ya taso ne daga wata magana da muke yawan ji a tarurrukan matasa da na dattawan ikilisiya, musamman a ƙauyukan da suka taɓa kwana a daji saboda hari. Ana cewa, a Amurka kowa yana da ƙaramar bindigarsa a ƙugu, har cikin majami'a suke shiga da ita, to me ya hana mu?

Ba mu raina wannan tambaya ba. Wanda ya binne ɗansa da hannunsa ya isa ya yi ta. Ba kuma talakawa kaɗai suke wannan tunani ba. A watan Maris na 2018, Janar T. Y. Danjuma ya tsaya a Jami'ar Jihar Taraba a Jalingo, ya ce wa jama'a su tashi su kare kansu. A watan Yuni na 2022, gwamnatin Jihar Zamfara ta ce wa mutanenta su nemi lasisin bindiga. Amma tun da Amurka ce ake kafa hujja da ita, bari mu leƙa can mu ga yadda abin yake, sa'an nan mu dawo gida.

Yadda abin yake a Amurka

Ƙaramar bindiga ita ce fistol ko libarba, wadda ake harbawa da hannu ɗaya. Iri biyu ne yawo da ita. Akwai wanda yake rataya ta cikin kube a ƙugu, kowa yana gani. Akwai kuma wanda yake sa ta ƙarƙashin riga, ko cikin jaka, ko cikin mota, ba wanda ya sani sai shi.

Tushen abin yana cikin tsarin mulkinsu. Wani gyara da aka yi masa a 1791 ya ba 'yan ƙasa ikon mallakar makami. A 2008 Kotun Ƙolinsu ta ce wannan iko ya haɗa da ajiye ƙaramar bindiga a gida. A 2022 ta ƙara da cewa ya haɗa da fita da ita waje, ta kuma soke wata tsohuwar dokar Jihar New York wadda ta ce sai mutum ya kawo dalili na musamman kafin a ba shi lasisi. Zuwa 2024, jihohi 29 cikin 50 sun yarda baligi ya ɓoye bindiga a jikinsa ba tare da neman lasisi ba. Duk da haka akwai wuraren da doka take iya hanawa, kamar kotuna da makarantu.

Ga wani abu da yawancin masu kafa hujja da Amurka ba su sani ba. A dā, su ma ɓoye makami abin kunya ne a wurinsu. Tun 1813 jihohin Kentucky da Louisiana suka haramta shi, domin ana ganin mai ɓoye makami mutum ne mai mugun nufi. Daidai da yadda kakanninmu suka ɗauke shi ke nan. Maharbi yana wucewa da baka da kwari a kafaɗa, ba wanda yake tsorata, gama an san shi, an san gidansu, an san daji za shi. Amma baƙon da aka tarar da wuƙa ɓoye cikin wando a kasuwa sai ya yi bayani gaban mai unguwa. Sai a 'yan shekarun nan ne abin ya juya a Amurka, musamman bayan 1987 da Jihar Florida ta sauƙaƙa ba da lasisin ɓoye bindiga, wasu jihohi suka bi sahu.

Majami'u biyu a Teksas

Masu goyon bayan yawo da bindiga suna da labarin da suke bayarwa, kuma labarin gaskiya ne. Ranar Lahadi, 29 ga Disamba 2019, wani mutum ya shiga wata majami'a a garin White Settlement na Jihar Teksas. Ana cikin sujada ya fito da bindiga ya buɗe wuta. Cikin daƙiƙa shida wani ɗan ikilisiyar ya harbe shi da ƙaramar bindiga, harbi ɗaya. Mutane fiye da 200 ne a ciki. Babu shakka an ceci rayuka a ranar.

Amma mu ji labarin har ƙarshe. Wanda ya yi harbin ba wani ba ne da ya zo sujada da bindiga don raɗin kansa. Shi ne shugaban masu tsaron majami'ar, dattijo mai shekara 71, wanda sana'arsa ita ce koya wa mutane harbi. Ikilisiya ce ta ba shi aikin, ta kuma san da bindigarsa. Sa'an nan cikin mutum biyu da maharin ya kashe, ɗaya mai tsaro ne da yake ƙoƙarin zaro tasa bindigar, aka riga shi.

Shekara biyu kafin wannan, ranar 5 ga Nuwamba 2017, an kashe mutum 26 a wata majami'ar Baftis a ƙauyen Sutherland Springs, a jihar dai. Ana ganin rikicin iyali ne ya kawo maharin, gama surukarsa 'yar wannan ikilisiya ce. Teksas tana cikin jihohin da bindiga ta fi yawa a hannun jama'a, amma wannan bai hana shi zuwa ba. Maƙwabcin da ya tare shi daga baya a waje, da doguwar bindiga ya tare shi, ba da fistol ba.

Abin da ƙididdiga ta nuna

Labarin jarumi ɗaya yana da daɗin ji, amma mai hankali yakan tambayi abin da yake faruwa a sauran kwanakin shekara. Ƙungiyar Small Arms Survey ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi miliyan 393 a hannun farar hula a Amurka, wato sun fi mutanen ƙasar yawa. Da yawan bindiga ne yake kawo kwanciyar rai, da Amurka ta fi kowace ƙasa barci.

A 2021, hukumar lafiyarsu ta ƙirga mutum 48,830 da bindiga ta kashe. Cikinsu 26,328, fiye da rabi, su ne suka kashe kansu. Mu dakata a nan kaɗan. Ba ɓarawo ba ne ya harbe su, ba ɗan ta'adda ba. Baƙin ciki ne, ko bashi, ko maye, ko mutuwar aure, ya same su a daren da bindiga take kusa da hannu. Wanda ya sha wani abu don ya hallaka kansa, sau da yawa ana kai shi asibiti ya rayu, ya yi nadama, ya ga jikokinsa. Harsashi ba ya ba da wannan dama. Mu da muke aiki da waɗanda suka rasa gidaje da 'yan'uwa mun san yawan masu ɗauke da ciwon zuciya a ƙauyukanmu, kuma ba duka ne suke faɗa ba. A 2020 kuma bindiga ta wuce haɗarin mota, ta zama abin da ya fi kashe yara da matasa a ƙasar.

Masana sun daɗe suna gardama. A 1998 wani masani mai suna John Lott ya rubuta littafi yana cewa yawan masu ɓoye bindiga yana rage laifi, domin ɓarawo bai san wanda yake da ita ba. Amma a 2019 Farfesa John Donohue na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa suka bi bayanan shekaru masu yawa, suka ga cewa bayan shekara 10 da sassauta dokar, laifuffukan zub da jini sukan ƙaru da kashi 13 zuwa 15 cikin 100 fiye da yadda za su kasance. Dalilan ba masu wuyar ganewa ba ne. Cacar baki a kan hanya tana zama harbi. Ana fasa motoci a sace bindigogi, su koma hannun 'yan fashi. Ga kuma sakaci: a 2023 kaɗai an kama bindigogi 6,737 a wuraren binciken fasinja na filayen jirgin samansu, kashi 93 cikin 100 da harsashi a ciki, kuma yawancin masu su cewa suke yi sun manta.

Mu dawo gida

Dokar Nijeriya daban take. Dokar bindigogi ta 1959, wadda ake aiki da ita, ta kasa su kashi uku. Bindigar toka, Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ne yake ba da lasisinta. Bindigar farauta ta zamani, sai Sufeto Janar. Amma fistol da libarba an sa su kashi ɗaya da bindigogin soja da gurneti, wato haramtattu, ba mai ba da izininsu sai Shugaban Ƙasa. Hukuncin wanda aka kama da ita babu izini ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne. Ko ƙirar maƙerin gida ce, hukuncin ɗaya ne. Ko don tsoro ka saya, dokar ba ta ware ka ba. A watan Agusta na 2023 ma rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi na ɗan lokaci, saboda haka mai neman na farauta ya fara tambaya a ofishin 'yan sanda na yankinsa.

Ko da an ajiye maganar doka, mu tambayi kanmu, wane aiki ƙaramar bindiga za ta yi mana? Masu kawo hari ƙauye da dare suke zuwa, da yawa, da AK-47. Libarba harsashi 5 ko 6 take ci, kuma in abu ya yi nisa ko ƙwararre yakan kuskure. Ba makamin tsare gari ba ce. An ƙera ta ne don ta bi mutum duk inda za shi, kuma ina saurayinmu yake zuwa? Kasuwa, gidan biki, gidan burkutu, iyakar gona inda ake jayayya, rafin da shanu suke shan ruwa. A waɗannan wurare ba da mahara yake gamuwa ba, da maƙwabta yake gamuwa. Faɗan da a dā zai ƙare da mari da tara gaban dagaci, yanzu sai ya ƙare da gawa. Idan kuwa gawar ta ɗan wata ƙabila ce ko wani addini, mun san abin da yake biyowa, kuma ba a gidan wanda ya harba kaɗai yake tsayawa ba.

Ɓoyewar ma tana da nata dafin. Ranar da aka ji cewa samarin wani ƙauye suna zuwa kasuwa da fistol a riga, daga ranar kowane saurayin ƙauyen ya zama abin zargi, har da wanda bai taɓa riƙe ta ba. Ɗaya ɓangaren su ma za su nemi tasu. Sai a wayi gari mutum ya sa hannu aljihu zai ɗauko goro, wani ya riga shi.

Me Littafi Mai Tsarki ya nuna?

Ba za mu ce Littafi Mai Tsarki ya hana mutum kare iyalinsa ba. A Fitowa 22:2-3 Shari'a ta bambanta ɓarawon da aka kashe yana fasa gida da dare da wanda aka kashe bayan rana ta fito. Na farko babu alhakin jini, na biyu akwai. Wato ko ran ɓarawo ba a zubar da shi haka kawai ba.

An fi kawo mana Nehemiya sura 4, inda magina suka yi aiki da makamai a jikinsu. Mu karanta surar a hankali. Makaman a fili suke, kowa ya san wanda yake riƙe da me. Akwai shugaba guda. An tsara mutane iyali iyali, an sa masu gadi dare da rana, akwai kuma mai busa ƙaho da zai tara jama'a in abu ya taso. Aikin ma na ɗan lokaci ne, garun ya ƙare cikin kwana 52. Wanda ya ɓoye makami a riga a Tsohon Alkawari shi ne Ehud, a Littafin Mahukunta sura 3, shi kuwa ya fita ne da niyyar kashe sarkin Mowab, ba kasuwa za shi ba.

A Luka 22 Yesu ya yi maganar sayen takobi, almajirai suka nuna masa guda biyu. A daren nan Bitrus ya yi aiki da ɗaya. Bitrus ba mugu ba ne, ƙauna da tsoro ne suka sa shi, amma wa ya samu? Ba babban firist ba, ba waɗanda suka ƙulla makircin ba, sai bawa mai suna Malkus. Ubangiji ya sa ya mayar da takobin kube, ya kuma warkar da kunnen.

Abin da muka ga yana taimakon ƙauyuka ya fi kama da tsarin Nehemiya. 'Yan banga da maharba da dagaci ya sani, aka kuma rubuta sunayensu a ofishin 'yan sanda. Ƙararrawa ko usur da kowa ya san ma'anarsa. Lambobin wayar jami'an tsaro a hannun mutum fiye da ɗaya. Wurin da mata da yara za su nufa, wanda aka shirya tun kafin ranar. Masu tsaron ƙofa a lokacin sujada. Da kuma zama a kai a kai da ardo da limamin maƙwabta, gama sau da yawa su ne suke fara jin ƙishin-ƙishin. Wannan duka ba ya ɗauke wa gwamnati nauyin da yake kanta, kuma ikilisiyoyi su ci gaba da matsa mata da murya ɗaya.

Don tattaunawa

A ƙungiyoyinku, ku tuna da rigingimun da aka yi a kasuwarku ko a gonakinku a shekarar da ta wuce. Da ɗaya daga cikin masu faɗan yana da fistol a riga, yaya kowannensu zai ƙare?

Zumuntar mata su ma su ba da tasu amsa: idan akwai bindiga a gida, ina ake ajiye ta, su wa kuma suka san wurin?

Ga dattawan ikilisiya kuwa, tambayar ta fi nauyi. Idan kuka ji cewa wani saurayi da aka kashe mahaifinsa yana zuwa sujada da fistol a ƙarƙashin riga, wa zai fara zuwa wurinsa, kuma me zai ce masa?